Kafin ka ce indometiriyosis ne, kunna Dofla

Wannan rubutu na ƙannena ne likitoci da ke aiki a asibitocin da babu ƙwararren likitan mata a kusa, su ne ke fara ganin matan kafin su iso wurinmu.

Wata baiwar Allah ce ta sa na rubuta shi. Shekarunta talatin da 'yan kai, 'ya'ya biyu, an turo ta da takarda mai layi ɗaya: ciwon mara, ƙulli a gefen mahaifa, ana zaton indometiriyosis, wato nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta. Ta yi wata tara tana shan ƙwayoyin dakatar da al'ada. Na tambaye ta, "Malama, da al'adar ta tsaya, ciwon ya ragu?" Ta ce, "Likita, ko kaɗan. Ni ciwona ba ruwansa da al'ada. In na daɗe a tsaye ina tuwo ne yake tasowa, in na kwanta ya lafa." Wata tara ke nan ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Da na kunna kalar Dofla, wato sashen na'urar sikanin da ke nuna tafiyar jini, a kan ƙullin, sai ga jini yana zagaye a cikinsa. Bayan tiyata ɗakin gwaji ya tabbatar himanjiyoma ne, wato dunƙulen jijiyoyin jini da suka tsiro suka cuɗe wuri guda.

Ban ga laifin wanda ya fara zaton indometiriyosis ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, kimanin mata miliyan 190. Ƙullin jijiyoyin jini a cikin mara kuwa, likita na iya gama aikinsa bai ga fiye da biyu ko uku ba. Matsalar ita ce sun yi kama: duka biyun suna kawo ciwo, suna zubar da jini, kuma in an buɗe ciki ana ganin tabo ja ko shuɗi-shuɗi. Amma maganinsu daban, kuma wuƙar da za ta taimaki ɗaya tana iya zubar da jinin ɗayar har a rasa ta.

Fara da baki, kafin na'ura. Indometiriyosis naman da ya yi kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne ya tsiro a waje, don haka yana bin wata: ciwo ya tsananta gab da al'ada da lokacinta, ya sauka bayanta, sau da yawa tare da zafi wurin saduwa da jinkirin haihuwa. Ka sa matar ta riƙa yin alama a kalanda na wata biyu ko uku, ranar ciwo da ranar jini. Ciwon da bai san wata ba, wanda ke ƙaruwa da tsayuwa ko lokacin goyon ciki, ya kamata ya tsayar da kai. Haka jini a fitsari ko ta dubura wanda ba ya zuwa tare da al'ada. Himanjiyoman dubura yakan shekara ana yi masa maganin basir. Ka kuma tambayi abu uku da ba a cika tambaya ba: an taɓa yi mata wankin ciki bayan ɓari? An taɓa yi mata gashi da na'ura a ƙugu don maganin cutar kansa? Al'adarta ta riga ta ɗauke? Wankin ciki na iya barin mahaɗar da ba ta dace ba tsakanin jijiyar da ke kai jini da mai mayar da shi a jikin mahaifa. Gashi kuwa, bayan shekaru, yana cikin sanannun abubuwan da ke haifar da anjiyosakoma, kansar jijiyoyin jini. Sabon "indometiriyosis" a jikin matar da ta daina al'ada kuma abu ne da ban yarda da shi ba sai na ga sakamakon nama.

Sannan ka duba fatarta, tare da ma'aikaciyar jinya a ɗakin. Faffaɗan jan tabo tun na haihuwa a cinya ko ɗuwawu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri, jijiyoyi sun fito rututu: wannan yana nuna jijiyoyin cikin mara ma suna iya zama haka.

Yanzu sikanin, inda nake so mu daɗe. Gwajin ciki tukuna, kullum, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa da ragowar mabiyiya duka suna cika da jini a Dofla. In ta amince kuma ya dace, sikanin ta gaba ya fi na kan ciki nuna gaskiya. Ƙullin indometiriyosis a gidan ƙwai jaka ce ta tsohon jini mai kauri. A allo cikinta toka-toka ne bai ɗaya, kamar an yayyafa gari mai laushi, kuma in ka kunna kala cikin nata shiru, sai ɗan jini a bango. Tsohon jini ba ya tafiya. Ƙullin jijiyoyi kuwa yakan fito kamar soso, da ƙananan ramuka da hanyoyi masu lanƙwasa. In mahaɗar nan ce ta jikin mahaifa, kalar ja da shuɗi za ta cakuɗe wuri guda, jini na gudu da ƙarfi. Amma ga inda ake faɗawa rami: himanjiyoma mai manyan ramuka jininsa a hankali yake tafiya, kuma in sikelin gudu na na'urarka yana sama, allon zai nuna maka babu komai. Sauke sikelin ƙasa sosai. Danna da kan na'urar a hankali, ka saki, ka ga ko ramukan sun motse sun sake cika. Wannan ɗan dannawar ta minti ɗaya ita ta nuna mini ƙullin matar nan. Kuma ko da jakar ta yi kama da indometiriyosis sak, in akwai tsiro mai tauri a cikinta da jini ke ratsawa, tura ta gaba, domin cutar kansa na iya tsirowa a ciki.

Kada gwajin jini na CA-125 ya yanke maka hukunci. Yana haura 35 a indometiriyosis, a kansar gidan ƙwai, a tarin fuka na cikin ciki wanda muke gani sosai a nan Arewa, har a wasu himanjiyoman gidan ƙwai masu tara ruwa. Ƙidayar jini ta fi amfani a gare ka: ka san PCV ɗinta, wato yawan jan jininta, da yawan ƙwayoyin daskarar da jini kafin kowa ya taɓa ta. Matar da ta tashi a bakin rafi ko dam kuma, ka tuna da tsargiya.

Na san kuɗin MRI ba ƙarami ba ne, kuma sai an yi tafiya zuwa babban birni. Ina gaya wa maigida gaskiya: ya fi tiyata biyu araha. T1 da T2 salon hoto biyu ne na MRI: a hoton T1 tsohon jinin indometiriyosis yana haske ko an danne kitse, a T2 ya dusashe. Himanjiyoma akasin haka, yana haske ƙwarai a T2, kuma yana shan ruwan allurar hoto sannu a hankali. A CT ko hoton ƙashi ana iya ganin ƙananan duwatsu zagayayyu na daskararren jini. Ɗaya ko biyu a gefen ƙugu ba komai ba ne, manya da yawa suna da su. Tarinsu a cikin ƙullin ko a bangon dubura shi ne abin lura.

In zato ya tsaya a kan jijiyoyi, kada ka soka allura, kada ka yanki nama ta dubura ko mafitsara, kuma don Allah kada ka yi wankin ciki. Tura ta inda akwai bankin jini da masu iya toshe jijiya ta cikin bututu. In kuwa kana tsakiyar tiyata ne ka ci karo da abu shuɗi mai laushi da ke motsewa in an danna, ɗauki hoto, ka rufe, ka tura. Babu abin kunya a ciki.

Duk naman da aka cire ya tafi ɗakin gwaji, ko da ido ya rantse indometiriyosis ne. Sa shi nan take a fomalin, ruwan adana nama, mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman kamar sau 10. A takardar ka rubuta abin da ka gani da abin da kake tsoro, domin likitan gwajin nama ya san rinin da zai nema: CD10 da alamun sinadarin mata suna kama naman indometiriyosis, CD31 da CD34 da ERG suna kama shimfiɗar jijiyoyin jini, HHV-8 kuma na kansar Kaposi ne, musamman ga mai ƙanjamau. In ɗakin gwajinku ba ya yin waɗannan rini, nemi dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki, a kai shi asibitin koyarwa. Haka muka yi da na matar nan, ɗan'uwanta ya kai shi da hannunsa a cikin ambulan na wasiƙa, sakamakon ya dawo bayan mako uku, muka dakatar da ƙwayoyin da take sha.