Yadda Ake Haɗa Makunnin Fitila Mai Ɗan Ƙwan Nuni a Gida

Cikin yaran da suka koyi aikin wayarin a hannuna, da wuya a sami wanda makunni mai ɗan ƙwan nuni bai ba shi kunya ba a karon farko. Makunni na yau da kullum waya biyu yake ɗauka, ɗaya ta shigo da wuta, ɗaya ta fita da ita zuwa ƙwan fitila. Amma da zarar yaro ya ga ɗan jan ƙwan nan a fuskar makunni, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa dole a kawo wa ƙwan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya kuma cusa ta a duk ramin da ya tarar babu waya a ciki. Ana dannawa sai a ji ƙara, bureka, wato na'urar da ke yanke wuta idan an sami matsala, ta faɗi. Idan kuwa gidan da aka ɗaure fis da waya mai kauri ne, makunnin kansa ke narkewa.

Kafin a taɓa komai, a sani cewa ɗauke wuta daban ne da kashe wuta. Mutane da yawa suna kwance makunni don sun ga unguwa ta yi duhu, alhali ana iya dawo da wuta a kowane lokaci, kuma wutar gida a Najeriya da Nijar ta wuce bolt 200, wadda ta isa ta kashe mutum. A kashe babban makunnin gidan, a kashe inbata idan akwai, a kuma gaya wa mutanen gida kada kowa ya tayar da janareta. Gano wayar da ke ɗauke da wuta ne kaɗai aikin da ake yi da wuta a kunne: a ware wayoyin nesa da juna, a kunna, a taɓa kowace da testa, a kashe, sannan a naɗa wa mai wutar ɗan tef don shaida. Ba na yarda a yi wannan gwajin da wutar ƙaramin janareta, domin sau da yawa testa kan haska a wayoyin biyu duka. Launi ma ba abin dogaro ba ne. A ƙa'ida ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya ita ce nutural, koriya ko koriya mai ratsin ɗorawa ita ce ta ƙasa, wato ta kariya, sai dai na buɗe akwatuna da dama na tarar wanda ya yi aikin farko ya yi amfani da abin da ya rage masa a buhu.

Yanzu sai a juya makunnin a duba bayansa da kyau, domin a nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Makunni mai ƙwan nuni iri biyu ne, kuma daga gaba ba a bambanta su.

Iri na farko ba shi da rami mai harafin N. Ramukansa su ne COM ko L, sai L1, wani lokaci da L2. A cikinsa an ɗora ɗan ƙwan niyon tare da resista mai rage ƙarfin wuta a tsakanin mashigar wuta da mafitarta, saboda haka idan makunni yana kashe, wata 'yar wuta da ba ta kai miliamfiya 1 ba tana bi ta ɗan ƙwan, ta wuce ta cikin ƙwan fitilar ɗaki, ta koma nutural daga can sama. Shi ya sa yake haske lokacin da fitila take kashe, ya mutu idan an kunna ta. Amfaninsa shi ne mutum ya ga inda makunni yake cikin duhu. Wannan irin ba ya buƙatar nutural ko kaɗan. Wayar wuta ta shiga COM, wayar da ta tafi wurin ƙwai ta shiga L1, a bar L2 babu komai a cikinsa. Idan akwai wayoyin nutural da suka ratso ta akwatin, a haɗa su da junansu cikin kwanekta, a tura su baya. Duk wanda ya sa nutural a L1 ko L2 ya haɗa wuta da nutural kai tsaye ke nan, kuma wannan shi ne kuskuren da na fara da shi. Wasu kamfanoni suna sayar da ɗan ƙwan daban da siraran wayoyi biyu. Ɗaya ta shiga COM tare da wayar wuta, ɗaya ta shiga L1.

Wannan irin yana da wata matsala da ba a san ta ba a zamanin ƙwai mai zare. Na taɓa haɗa shi a ɗakin kwanan wani dattijo, washegari ya aiko a kira ni, wai ƙwan fitilar yana walƙiya cikin dare alhali a kashe yake. Na canza ƙwai, na canza mariƙin ƙwai, na sake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk a banza, har na fara zargin danshi a silin. Ashe 'yar wutar da ke ratsa ƙwan nuni ce take taruwa a cikin kafasitar ƙwan LED, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikinsa, idan ta cika sai ya yi ƙyal ya mutu, ya sake tarawa. Wani ƙwan ba ya walƙiya, sai dai ya zauna da dishi-dishi har gari ya waye. Maganinsa shi ne a ɗora kafasita mai alamar X2, mai jure bolt 275, wadda girmanta yake tsakanin maikrofarad 0.1 da 0.47, a kan wayoyi biyu na mariƙin ƙwan, ba a makunni ba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma kada a ciro kowace iri daga tsohuwar rediyo a liƙa.

Iri na biyu shi ne mai ramin N, kuma shi na fi so a ko'ina. Ɗan ƙwansa yana tsakanin mafitar wuta da nutural, don haka yana haske ne lokacin da fitila take kunne. Shi ya dace da fitilar ƙofar gida, da ta banɗaki, da ta sito, wato duk inda ba a ganin fitilar daga wurin makunni. Wuta ta shiga L, wayar ƙwai ta shiga L1, nutural ta shiga N, kuma N kaɗai. Wahalar ita ce a gidaje da yawa nutural ba ta sauko akwatin makunni ba, tana can a silin. Dole a jawo ta ta cikin bututu daga layin fitilar kansa. Kada a aro ta daga soket na kusa, domin wanda ya kashe burekar layi ɗaya gobe zai ɗauka ya tsira alhali wayar tana da wuta. Kada kuma a mayar da wayar ƙasa nutural. Tabbas ɗan ƙwan zai kama, amma an saka wuta a wayar da aka tanada don kare rai.

A kowane iri, wayar wuta ce makunni yake yankewa. Idan aka yanke nutural a maimakonta, fitila za ta riƙa kunnuwa tana mutuwa daidai, amma mariƙin ƙwai yana nan da wuta, kuma mai canza ƙwai ne zai gane hakan da hannunsa.

Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ita ce ta fitila. Ina ba da shawarar a kankare bakinta da wuƙa tun a kasuwa, domin akwai mai arha wadda jan ƙarfen fenti ne kawai a sama, cikinta fari, kuma tana karyewa a ƙarƙashin sukuru. A fere kamar santimita 1, a ninka bakin idan ramin yana da faɗi, a ɗaure sosai, a ja kowace waya da hannu don a tabbata ta kamu, kada kuma a bar jan ƙarfe a waje. Wayar ƙasa ta tafi jikin akwatin idan na ƙarfe ne, da fuskar makunnin idan ita ma ƙarfe ce.

Babban makunni mai amfiya 20 da ake sa wa hita da na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana da ƙwan nuni, sai dai yana yanke wuta da nutural tare, kuma yana da ɓangaren shiga da ɓangaren fita. Idan aka gama aka ga ɗan ƙwan ya ƙi mutuwa ko an kashe, an juya ɓangarorin ne, sai a musanya su.

A lanƙwasa wayoyi a hankali cikin akwati, a ɗaure fuskar ba tare da sukuru ya danne waya ba, sannan a mayar da wuta a gwada. Idan iri na farko ne, a kashe fitilar a rufe ɗakin a tsaya minti biyu ko uku cikin duhu ana kallon ƙwan fitilar, domin da rana ba a ganin walƙiyar.