Darasi na 9: Ɗan Koyon da Ya Zama Maigidan Masana'anta

Ku fara karantawa a zuci, sannan malami ya sa mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi.

An haifi Berthold Leibinger a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus a 1930. A 1950 ya shiga kamfanin Trumpf a matsayin ɗan koyon kanikanci. Kamfanin ƙarami ne a lokacin, yana ƙera injinan yanka fallen ƙarfe. Daga nan ya tafi jami'a ya karanta aikin injiniya, ya gama a 1957.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai walda ya san wahalar yanka ƙarfe da almakashi, balle in zanen yana da lanƙwasa. Leibinger ya ƙirƙiro injin da ke bin samfur yana gutsurar ƙarfen kaɗan-kaɗan, kamar yadda ɓera ke gutsurar ƙuli-ƙuli, har siffar da ake so ta fito. Aka yi wa wannan fasaha rajista da sunansa.

Ya yi aiki a Amurka daga 1958, ya komo Trumpf a 1961 ya shugabanci sashen zanen injuna.

To ga inda ya kamata mu tsaya. Kamfani yana biyan mai fasaha lada a kan kowane inji da aka sayar. Leibinger bai kwashi ladansa ya kashe ba, ya mayar da shi hannun jari a cikin kamfanin. Maigidansa Christian Trumpf ba shi da 'ya'yan da za su gaje shi, ya kuwa yarda. Injuna suna ta fita, rabonsa yana ta ƙaruwa. A 1978 ya zama shugaban kamfanin. Ba kowane maigida ne zai buɗe wa yaronsa wannan ƙofa ba, gaskiya.

A zamaninsa kamfanin ya koma yanka ƙarfe da hasken leza, wani siririn haske mai tsananin zafi da ke ratsa ƙarfe. A 1985 suka ƙera na'urar leza tasu ta kansu. A 2005 ya miƙa ragama ga 'yarsa Nicola, ko da yake yana da ɗa namiji injiniya. Ya rasu a 2018.

Sababbin kalmomi
Samfur: abin da ake kwaikwayo a yi irinsa.
Hannun jari: rabon da mutum ya mallaka a kamfani, in an ci riba a ba shi, in an yi asara ta shafe shi.

Aiki
1. Shekara nawa ne daga shigarsa koyo zuwa zamansa shugaba? Ku ɗebe 1950 daga 1978.
2. Ku rubuta jimla biyu a kan yadda ake sallamar ɗan koyo a sana'arku.
3. Kamfani ya ci ribar naira 50,000, kana da kashi 10 cikin 100. Nawa ne rabonka?