Ga masu komawa zane bayan dogon hutu

'Yan'uwa da kuka ajiye zane shekara da shekaru, kada ku fara da fuskar mutum. Hannu ya yi tsami, za ku karaya tun ranar farko. Ku sayi littafin makaranta mai araha da biro. Biro na ce, don mai fensir rabin lokacinsa a gogewa yake tafiya.

Ku sami inuwa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ku zana kayayei, wato mata masu dakon kaya a ka: yadda wuya ke miƙewa ƙarƙashin tasa, hannu ɗaya riƙe da bakinta, ɗayan yana lilo. Minti biyu, ku juya shafi.

Tsofaffin takardunku kuwa, ku fiddo su daga akwati su sha iska, laimar daminar Kumasi tana sa su fumfuna.