Kafin ka sake sayen sabuwar filta, ka bari ruwan ya sha iska

Jama'a, in ruwan burtsatsenku yana ɓata tayil da fararen kaya da jan tsatsa, kada ku tura shi cikin filta kai tsaye.

Ka ɗaura kan shawa a bakin bututun da ke zuba ruwa cikin tanki, ya riƙa sauka yayyafi-yayyafi. Murfin ka bar masa kafa, ka rufe ta da ragar sauro saboda ƙurar hunturu.

Sinadarin ƙarfe a narke yake fitowa, shi ya sa ruwan yake garau a bokiti, can an jima ya yi ja. Filta ta yau da kullum ba ta kama narkakken ƙarfe. Sai ya haɗu da iska yake zama gari ya kwanta.

Ka buga ruwa da yamma, ya kwana. Bututun fita ya ɗara gindin tanki da kamar santimita 15, a ƙasa kuma ka sa famfon zubar da laka, ka buɗe shi duk mako. Filtarka za ta daɗe ba ta toshe ba.

Amma in ka shafa cikin tankin ka ji yauƙi ja, ƙwayoyin cuta masu cin ƙarfe ne, sai an wanke da kulorin. Baƙin tabo kuma yawanci wani sinadari ne da ake kira manganis, iska kaɗai ba ta isarsa. Wannan kai ruwan a gwada.