Kurakuran da aka fi yi wajen gyara tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka

Na gaji da ganin mutum ya sayo tsohuwar tirela mai ɗakin kwana, irin wadda ake ja da mota, tun bai leƙa ƙarƙashinta ba ya fara zaɓen fenti da labule. Abin da ke kashe waɗannan tireloli ruwa ne. Yawancinsu alminiyam ne aka lulluɓa a kan firam ɗin katako, ruwa kuwa yana shiga ta bakin taga, ta mahaɗar rufi, ta ramin kowane noti, ya yi shekara da shekaru yana gangarawa cikin bango ba mai gani.

Wannan kuskuren ya ci ni a tirelata ta farko. Wata uku ina aikin ciki: na shimfiɗa sabuwar leda a daɓe, na kafa kabad, na haɗa gado. Bayan ruwan sama biyu sai kusurwar baya ta fara warin ruɓa. Da na ɗaga ledar na danna sukundireba, sai ta nutse cikin katakon kamar soso, ya yi baƙi ƙirin, yana marmashewa a hannu. Duk abin da na kafa sai da na ciccire, rabinsa bai sake moruwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun daga ranar, shasi nake fara dubawa, in kankare tsatsa, in kai wa mai walda inda ya cinye. Sai daɓe, sai bango, sai rufi. Ba na kafa ko ƙusa ɗaya a ciki sai na sa wani ya feshe tirelar da tiyo daga waje, ni ina ciki da tocila ina bin kowace kusurwa.

Na biyu, silikon. Don Allah ku daina! Mutum ya ga yoyo, ya matse kwalba guda a bakin taga, ya ce ya gama. Silikon yana sakin alminiyam da sauri, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa ya kwanta, kuma in ya bushe babu abin da zai sake kamawa a wurin, har da sabon silikon ɗin. Na taɓa kwana huɗu ina kankare wanda wani ya lafta, har yatsuna suka yi kanta. Cire tagar gaba ɗaya, ka goge wurin tas, ka shimfiɗa tef ɗin butil, wato tef mai danƙo da ke hana ruwa shiga, ka mayar da ita ka ɗaure har tef ɗin ya ɗan tsattsafo ta gefe.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada zanen taya ya ruɗe ka, duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen tayar, wanda ya fara da haruffan DOT: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekarar. Ni in ta wuce shekara 6 canzawa nake yi. Kwance boris ɗin tayoyi ka sa sabon giris kafin tafiyar farko. Bututun gas kuwa, shafa masa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Ɗauki hoton komai kafin ka kwance.

Sai nauyi. Tayil da katako mai kauri ba na tirela ba ne, musamman a baya. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya kamata ya sauka a kan maƙalar da ke haɗa ta da mota, in ya gaza haka za ta riƙa wutsil-wutsil a kan titi da zarar ka taka wuta.