Yadda ake karanta kirarin jaridun lokacin yaƙi

Jaridun Yaƙin Duniya na Biyu suna da gwarzon da suka fi so: mutumin da ya shiga ofis ya tarar takardu sun yi ƙura suna jiran sa hannu, ya ture su gefe ya ce yau za a yi aiki. In kana tonon tsofaffin jaridu don bincike, kada ka haɗiye wannan kirari ɗanye. Ga yadda ni nake bi da shi.

Fara da tambayar jaridar ta wace ce. A watan Mayu na 1940 Churchill, firaministan Birtaniya, ya naɗa Lord Beaverbrook ministan ƙera jiragen sama na Birtaniya. Mutum ne da ba ya shiri da kwamiti, ta wayar tarho yake ba da umarni, kuma ba shakka jiragen yaƙi sun ƙaru a hannunsa. Sai dai shi ne mai jaridar Daily Express. Yabon da ya fito daga can, raba shi biyu tukuna.

Daga nan koma baya, ka ga wa ya share fagen. Tun wajen 1936 aka fara tanadin ƙarin masana'antun jiragen, kuma wani hafsan sojan sama, Wilfrid Freeman, ya yi shekaru yana wannan aiki kafin Beaverbrook ya iso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adadin da ya yi daɗin ji da yawa kuwa, tsaya ka tuhume shi. A Amurka an yi ta koɗa Henry Kaiser, mai masana'antar ƙera jiragen ruwa, saboda jirgin ruwan Robert E. Peary da aka haɗa cikin kwana 4 da awa 15 a Richmond ta Kalifoniya, a Nuwamban 1942. Gaskiya ne, amma burga ce aka shirya da gangan, an riga an ƙera sassan an jere. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ginin jirgin Liberty, wato irin wannan jirgin ruwan dakon kaya, ya sauko daga wata da watanni zuwa kusan mako 6. Wannan adadin za ka nema.

Sai ka tambayi kanka wa jarida ba ta da ikon ambata. A Oktoban 1941 masanin lissafi Alan Turing da abokan aikinsa uku a Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Birtaniya, suka gaji da jan ƙafar ofisoshi, suka tsallake manyansu suka rubuta wa Churchill kai tsaye cewa ba su da isassun ma'aikata. Ya ba da umarni a biya musu buƙata cikin gaggawa. Ba jaridar da ta buga, domin aikin warware saƙonnin sirrin Jamus ya zauna a rufe har 1974. Irin waɗannan sai ka bi ta takardun gwamnati da aka buɗe daga baya.