Yadda zaka kafa injin cika silindar nutso a gida

Yaran da muke aikin nutso tare a Tema, tashar jiragen ruwa ta Ghana, masu kankare gindin jirgi da kwance igiya daga farfela, kullum tambayarsu ɗaya ce, wai nawa ne kwamfiresa, suma su saya su aje a gida su huta da yawon neman inda za a cika musu silinda. Toh kuɗin ba shi ya kamata ya fara damunka ba. Injin nan iskar da ke kewaye dashi yake zuƙa ya danne ta cikin ƙarfe, duk abinda ke yawo a iskar unguwarku shi zaka je ka shaƙa a ƙasan teku, kuma a Accra zafi da laima da hayaƙi duk sun haɗu mana waje ɗaya.

Na farko dai, kwamfiresar mai faci ko ta mai fenti bata wannan aikin, ko bar 15 (bar shine ma'aunin matsin iska) da ƙyar take kaiwa kuma iskarta duk mai ne. Waɗancan ƙananan masu arha da ake yi don cika bindigar iska suna kai bar 300 kam, amma ba don numfashin mutum aka ƙera su ba, kar arha ta ja ka. Wanda kake nema shine wanda aka yi musamman don iskar shaƙa, irin Bauer na Jamus ko Coltri na Italiya. Ƙananan nasu, Junior II da MCH-6, suna bada kamar lita 100 a minti. Kayi lissafi da kanka: silindar alminiyom da muka fi amfani da ita lita 11 ce, ana cika ta zuwa bar 207, kaga sama da lita 2,200 na iska kenan, wajen minti 22 ko fiye in daga wayam ka fara. Ga mutum ɗaya ko biyu ya isa. In na hannu zaka saya ka duba awa nawa yayi, ka tambayi takardar sabis, in babu ka ɗauka sai ka canja mai da filta da bawul kafin ka shaƙi komai daga cikinsa.

Yanzu wajen ajiya, nan ne yawancin mutane ke yin kuskure kuma nan zan daɗe. Gidajenmu na zango kowa ya san su, ɗaki jikin ɗaki, wannan na hura gawayi, waccan na soya ƙosai, ga mai waakye a bayan katanga da itacenta tun asuba, ga trotro da okada a bakin titi, in aka ɗauke wuta kuma janareta uku su tashi lokaci guda. Duk waɗannan kabon monoksaid suke fitarwa, kuma shi baya da wari baya da launi, hancinka bazai faɗa maka komai ba. Ɗan abinda zai sa maka ciwon kai a tudu, in ka sauka mita 30 matsin ya ninka huɗu, kowane numfashi ninki huɗu kake ɗiba. Ni kaina farkon da na kafa nawa a Madina ta nan Accra, na sa shi a lungun da nake ganin yafi sanyi, ashe janaretan maƙwabcina a bayan tagar yake salansa na kallonmu. Allah ya taimake ni wani babban yayanmu a aikin yazo gani, ko zama bai yi ba yace ƙanina sauke iskar silindun nan duka, yau ɗinnan. Haka na zubar da cikon silinda huɗu ina ji ina gani.

Abinda zaka yi shine ka ja tiyon shan iska zuwa sama, wajen da iska ke kaɗawa, nesa da madafa da titi da kwata, ka juya bakinsa ƙasa don ruwan sama, ka sa masa raga. In tiyon yayi tsawo ka ƙara masa faɗi don kar injin ya wahala wajen zuƙa. In injinka mai fetur ne to salansarsa ma abokin gaba ne, ka lura da inda iska ta dosa kullum tiyon ya zama ta inda iskar ke fitowa. Shi kansa injin a kan siminti mai lebur, da tazara daga bango don fankarsa ta samu iska, ba a ɗakin da aka rufe ruf ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ta kan toshe filtar shiga da wuri, ka riƙa dubawa. Ƙara kuwa yana da ita sosai, ka samu abin toshe kunne kuma ka shirya da mutanen gida tun kafin a kai ƙararka wajen mai gida.

Wuta: namu a Ghana 230 ce, 50 Hz, saboda haka in daga Amurka za a kawo maka ka tabbatar ba na 60 Hz bane. Motar ƙaramin injin kamar kilowat 2.2 ce kuma tana fizgar wuta sosai wajen tashi, ka kira mai wayarin ya ja masa layinsa daban da birekarsa da wayar ƙasa, banda ekstenshan mai arha da ake haɗa firji dashi. In wutar ECG, kamfanin wutarmu, tayi ƙasa kar ka kunna. In mai fes uku ne ka duba kibiyar da ke jikinsa, in yana juyi baibai a kashe nan take a sauya waya.

Sai filta, zuciyar abin. A ciki akwai ƙwayoyin da ke tsotse laima, akwai gawayi na musamman da ke kama mai da wari, wasu kuma suna da hopcalite wanda ke maida kabon monoksaid ya zama kabon dayoksaid, kuma shi sai a bushe yake aiki, da ya jiƙe shikenan. Ga inda zafinmu ke cutar mu: iska mai digiri 30 tana ɗaukar ruwa kusan ninki biyu na mai digiri 20, kenan awannin da kaji Bature yace filtarsa nayi, kai kusan rabi zaka samu. A littafin injin akwai jadawali na zafi da awa, shi zaka bi. Shiyasa ni da asuba nake ciko ko bayan isha'i, kuma duk minti 10 zuwa 15 sai na buɗe bawul ɗin zubar da ruwa, zaka ga wani abu fari-fari kamar madara yana fesowa, ruwa ne da mai. In ka bari ya taru zai haura cikin filta ya kashe ta. Mai kuma sai wanda kamfanin ya rubuta, man mota haramun ne a nan.

Wajen cikon kansa, ka fara duba silinda. A wuyanta an buga matsin da take ɗauka da ranar gwajin ruwa, wato gwajin ƙarfinta da matsin ruwa, wanda a tsarin Amurka duk shekara 5 ake yi, dubawar ciki kuma duk shekara. Wadda gwajinta ya wuce, ko ta lotsa, ko tsatsa ta ci, ko ta aboki ce ka bashi haƙuri. Tsofaffin na alminiyom na kamfanin Luxfer da aka yi kafin tsakiyar 1988 an san su da tsagewa a wuya, ni bana taɓa su. Ka kunna injin ya ɗan yi gudu, ka huro bakin tiyo da bakin silinda don ɗigon ruwa ya fita, ka ɗaura, ka buɗe a hankali, silinda a ɗaure kar ta faɗi, kai kuma kar ka tsaya da fuskarka a kan tiyo. Kar ka wuce lambar da ke wuyanta. Zata yi ɗumi, in ta huce geji zai sauka kaɗan, sai ka ƙara mata. Kafin ka kwance tiyo ka rufe silinda ka sauke matsin da ke ciki. Oksijin zalla kuwa kar ya kusanci wannan injin, shi da mai wuta ce.

Ma'aunin Turai na iskar shaƙa, EN 12021, yace kabon monoksaid kar ya wuce ppm 5, wato kashi 5 cikin miliyan, kabon dayoksaid ppm 500, mai kuma miligiram 0.5 a kowace kubik mita. Ka sayi ɗan na'urar auna kabon monoksaid ta hannu ka gwada kowace silinda, ka shinshina iskar, ka fesa ta kan farin ƙyalle ka gani ko zai yi tabo, lokaci-lokaci kuma a yi cikakken gwaji. Ni akwai ɗan littafi da na ɗaure da zare a jikin injin, duk ciko ina rubuta rana da minti nawa yayi da lambar silinda, ranar da na sa sabuwar filta kuma da alƙalamin maka nake rubuta ta a jikin gwangwanin.